Shin Gaskiya Ne Kazar Gida Ta Fi Jure Annoba?

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, watau daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, akwai wani kuka da akan ji a gidajen Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa da Malali da Hayin Banki. Uwargida ta buɗe akurki da safe, ta tarar kaji biyu sun sandare, waɗansu uku sun takure sun saki fukafukai, suna koren zawo, suna jan numfashi baki buɗe. Kafin mako ya kewayo, garken da aka shekara ana tattalinsa saboda kuɗin makarantar yara ko hidimar suna ya koma saura uku ko huɗu. Ran Talata kuwa sai kasuwar Kawo ta cika da kaji masu araha, domin kowa yana sauri ya rabu da nasa kafin su mutu a hannunsa. Wanda ya saya, shi kuma ya kai wa unguwarsu cuta da kuɗinsa.

To, waɗannan uku ko huɗu da suka saura, su ne ake gardama a kansu. 'Yan kaji a kasuwa sukan ce jininsu ne mai ƙarfi, har su ƙara da cewa kazar Hausa ba ta jin ciwo, ta gidan gona ce raguwa. Masu sayar da magani kuma sukan ce ba jini ba ne, rashin bitamin ne, a sayi ƙunshi guda a zuba cikin ruwa, shi ke nan. Kowanne yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma mai kaji da ya dogara ga ɗayansu kaɗai zai sake yin irin wannan kuka baɗi.

Ita wannan annoba ta hunturu, likitocin dabbobi suna kiranta cutar Niyukasil, da sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926, shekarar da ta ɓulla kuma a tsibirin Jawa. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a Ibadan a 1952. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, irin wadda ake kira bairos. Kafso ɗin nan ja da rawaya da ake warewa a zuba wa kaji a ruwa ba ya taɓa bairos ko kaɗan, haka nan barkono da gautan kaji da sassaƙen maɗaci. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma jikinta ne ya yi yaƙin.

Jure cuta ana gadonsa

Batun jini ba tatsuniya ba ne. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa bunaji ba ya shiga kurmi mai ƙudan tsando ya fito lafiya, sammore za ta cinye shi, amma ɗan gajeren muturu yana zaune cikin kurmin nan yana kiwo abinsa. Cibiyar binciken sammore da ke nan Kaduna ta yi shekaru masu yawa tana nazarin wannan cuta. Abin da ya raba bunaji da muturu yana cikin ƙwayoyin gado, watau waɗansu 'yan abubuwa cikin jiki waɗanda ɗa ke karɓa, rabi daga uba, rabi daga uwa. Su ne ke sa durgu ta haifi gajere, shazumama ta haifi mai murɗaɗɗen gashi. Su ne kuma ke tsara irin makaman da jiki zai tari cuta da su.

Waɗanda suka nuna haka a fili ga kaji su ne waɗansu malamai biyu na Jami'ar Cornell a Amurka, F. B. Hutt da R. K. Cole, kuma yadda suka yi aikin ya isa a tsaya a kansa, domin ba wani inji suka yi amfani da shi ba, littafi ne da alƙalami. Tun daga 1935 suka riƙa sa wa kowane zakara lamba, kowace kaza lamba, 'ya'yansu ma lamba. Sai su bar 'ya'yan su tashi wuri ɗaya, abinci ɗaya, a inda cuta take, ba a kare su. Cutar da suke bi ita ce mai shanye ƙafafun kaji ta kuma fitar musu da ƙari a hanta da sauran kayan ciki. A ƙarshen shekara sai a ƙidaya: 'ya'yan wane zakara ne suka fi mutuwa, na wanne suka fi rayuwa. Zuriyar da ta fi rayuwa a haɗa ta da irinta, wadda ta fi mutuwa ita ma a haɗa ta da irinta don gwaji. Da aka yi ta yin haka shekara da shekaru, sai ga zuriya biyu a gona ɗaya, suna shaƙar ƙura ɗaya, ɗaya tana zubewa, ɗaya kuwa da ƙyar a sami mai ciwo a cikinta.

A lura da abu guda a nan. Ba su zaɓi kaza don ita kanta ta rayu ba, sun zaɓe ta ne don 'yan uwanta da 'ya'yanta sun rayu. Kaza guda tana iya tsira da sa'a kawai. Amma idan 'ya'yan uwa ɗaya goma suka shiga annoba takwas suka fito, na wata uwar goma suka shiga biyu suka fito, to wannan ya wuce sa'a.

Daga baya aka gane cewa yawancin wannan shanyewar ƙafa cutar Marek ce, wadda wani likita ɗan ƙasar Hangari mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1907. An kama bairos ɗinta a 1967, aka sami rigakafinta wajen 1970. Cikin shekarun 1970 kuma aka gano cewa kajin da ke da wani rukunin jini da ake kira B21 sun fi sauran jure ta nesa ba kusa ba. Ashe maganar 'yan kasuwa ta jini mai ƙarfi ta zo daidai a wannan wurin, har da sunan jinin.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Gadon jure cuta ba riga ba ce da ke rufe jiki duka. Na wannan cuta daban, na waccan daban. B21 da ke taimako a kan Marek ba shi ne zai tsare kaza daga Niyukasil ba. Akwai kuma cutar Gumboro, mai kama 'yan tsaki daga mako uku zuwa shida, su yi farin zawo su bushe. A Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, a 1998, an gwada ta a kan kajin gida da kajin nama da 'yan matan kajin ƙwai. Kajin nama na gidan gona, waɗanda ake yi wa kallon ragwaye, su suka fi jurewa. Kajin gida kuwa suka sha kashi. Wanda ya ce kazar gida ba ta jin ciwo, bai taɓa ƙidaya 'yan tsakin da ke ɓacewa kafin su yi wata biyu ba, ya ɗora wa shirwa laifi duka.

Abin da kazar gida ta fi shi ne wahala. Tana jure rana da ƙishirwa da ƙarancin abinci, ta san gudun shirwa, tana kwanci ta yi renon 'ya'yanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a gaban Niyukasil mai zafi, ita ma faɗuwa take yi, shaida kuwa ga ta nan kowane hunturu.

A game da Niyukasil ɗin ma akwai bambancin gado, sai dai bai kai yadda ake zato ba. Akwai wata kazar Masar da ake kira Fayumi, 'yar ƙarama mai zanen baƙi da fari, wadda aka daɗe ana ajiye zuriyarta a Jami'ar Jihar Iowa. In an sa mata bairos ɗin tare da farar Leghorn, ita takan riga kawar da shi daga jikinta. Daga 2013 malaman Amurka da na Gana da na Tanzaniya suka haɗa kai suna auna wannan hali ga kajin ƙauyukan Afirka. Abin da suka samu shi ne, lalle ana gadonsa, amma ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi ba, masu yawa ne, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Watau za a iya ƙara shi ta hanyar zaɓen iri, amma a hankali, zuriya bayan zuriya.

Akwai kuma cutar da ba ta san jinin kowa ba. Mutanen Kaduna ba su manta da 2006 ba. A watan Janairu na shekarar kaji suka fara zubewa a gonar Sambawa da ke Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, kan hanyar Zariya. Cikin kaji wajen 46,000, kusan 40,000 suka mutu. Aka aika samfur Italiya, ran 8 ga Fabrairu aka ba da sanarwa cewa murar tsuntsaye ce, irin H5N1, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Gwamnati ta bi hanyar kashe kajin da cutar ta shiga cikinsu da biyan diyya, Naira 250 kowace kaza da farko. Ta sake dawowa a 2015 da 2021. Na gida da na gona, duk ɗaya ta ɗauke su. An taɓa sa rai ga wata ƙwayar gado mai suna Mx, har aka yi ta neman ta a jikin kajin ƙauye, amma da aka gwada a kan kaji masu rai ba ta hana su mutuwa ba. A 2023 masana na Cibiyar Roslin a Sikotilan suka gyara wata ƙwayar gado da hannu. Da aka sa wa kajin bairos kaɗan, 9 cikin 10 ba su kamu ba, amma da aka ƙara yawansa sai rabinsu suka kamu. Wannan yana ɗakin gwaji tukuna, ba ya kasuwa. Saboda haka wanda ya ga kaji suna faɗuwa farat ɗaya, kai a kumbure, leɓe ya yi shuɗi, ƙafa da jini-jini, kada ya tsaya jiran masu jini mai ƙarfi, kada ya yanka, kada ya kai kasuwa. Ya sanar da ofishin likitan dabbobi nan da nan, domin wannan cuta tana kama mutum, ta kuwa kashe wata mata a Ikko a farkon 2007.

Wani abin da ke ruɗa masu kiwo kuma shi ne, ba kowace tsira ce gado ba. Kazar da ta sha Niyukasil ta tashi, jikinta ya koyi yaƙin cutar, kamar yaron da ya yi ƙyanda. Takan zuba wani abu na wannan kariya cikin gwaiduwar ƙwanta, 'yan tsakinta su fito da ita. Amma aro ne, cikin mako uku zuwa huɗu ya ƙare. Shi ya sa akan ga 'ya'yan tsohuwar kaza sun ƙetare makonnin farko lafiya, a ce ai sun gaji uwarsu, sa'an nan su zube suna wata biyu.

Bitamin da abin da jiki ke iya riƙewa

Yanzu a koma ga maganar masu magani. Abin mamaki, a jikin kaji aka fara gano hanyar sanin bitamin. Wajen shekarun 1890, wani likita ɗan Holan mai suna Christiaan Eijkman yana aiki a Jawa, sai ya ga kajin asibiti da ake ba ragowar farar shinkafa ƙafafunsu suna shanyewa. Da aka koma ba su shinkafar da ba a surfe ba, sai suka miƙe. Ashe maganin yana cikin dusa. Shi ne bitamin B1, kuma aikin nan ya jawo masa lambar Nobel a 1929. Uwargidan da ke watsa wa kaji dusar gero da ta dawa bayan surfe, da ma magani take ba su.

To, a nan ma gado ya sa hannu. A 1939, a Cornell ɗin nan, Hutt da wani abokin aikinsa Lamoreux suka ba 'yan tsaki iri dabam dabam abinci mai ƙarancin B1. 'Ya'yan Rhode Island Red, jar kazar nan mai nauyi, suka riga faɗuwa, 'ya'yan farar Leghorn suka fi daɗewa a tsaye. Abinci ɗaya, kwano ɗaya, amma bukatar jiki ba ɗaya ba.

Wanda ya fi wannan ban mamaki shi ne na bitamin B2. A 1954 wani malami mai suna Maw, a Pennsylvania ta Amurka, ya ba da labarin waɗansu kajin Leghorn masu lafiya sumul, suna ci suna ƙwai, amma ƙwansu ba ya ƙyanƙyashewa. Ɗan tsako ya fara girma a ciki, wajen kwana 13 cikin 21 sai ya mutu. Aka ƙara wa iyayen B2 a abinci, bai yi amfani ba. Amma da aka tsira wa ƙwan kansa allurar B2, sai ga 'yan tsaki sun fito. Da aka bi sawu sai aka tarar hanjin kazar yana tsotse bitamin ɗin daidai, amma jininta ba shi da wani sinadari wanda aikinsa shi ne ya ɗauki B2 ya kai shi cikin ƙwai. Ba mai dako, sai kayan ya bi fitsari ya zube. Wannan aibi ɓoyayye ne, ba ya fitowa sai kaza ta gaje shi daga uwa da uba duka biyu. Ta haka auren zumunta a akurki ke tono irin waɗannan aibobi, in zakara ɗaya ya shekara uku yana bin 'ya'yansa da jikokinsa.

Kada a ɗauka kowane baragurbi gado ne. Galibi laifin tsohon ƙwai ne, ko zafi, ko zakara ya tsufa, ko abincin uwar. Amma in kaji biyar suna ci wuri ɗaya, huɗu suna ƙyanƙyashe goma cikin goma sha biyu, guda kuwa sau uku tana tashi da biyu, in an fasa sauran a ga ɗan tsako ya mutu rabin hanya, to wannan kaza ta tukunya ce, ba ta iri ba.

Inda masu kiwo suka fi yin hasara shi ne wajen rarrabe ciwon abinci da ciwon bairos, don suna kama da juna ƙwarai. Ɗan tsakon da ya rasa B1 yakan zauna a kan gwiwa ya ƙandare kai baya kamar mai kallon taurari. Wanda ya rasa B2 yatsunsa sukan lanƙwashe ciki, ya riƙa tafiya da gwiwa. Wanda aka ba tsohon ƙuli-ƙuli mai ɗoyin mai, bitamin E ya lalace a ciki, yakan yi tangaɗi ya faɗi. Niyukasil ita ma tana murɗe wuya, Marek tana shanye ƙafa. Hanyar ganewa ita ce a dubi garken, kada a tsaya kan kaza ɗaya. Ciwon abinci yakan zo a hankali, ya fi kama 'yan tsakin da aka kulle suna cin abu ɗaya, ba ya tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci, in kuma aka ba da bitamin a ruwa da wuri akan ga canji cikin 'yan kwanaki. Niyukasil takan zo da gaggawa, babba da yaro, da tari da koren zawo, unguwa duka, murɗewar wuyan kuwa sai daga baya take fitowa ga waɗanda suka saura. Marek takan ɗauki matasa 'yan wata uku zuwa shida, ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ita ba ta da magani, rigakafinta kuwa tun ranar ƙyanƙyasa ake yi, don haka mai sayen 'yan tsakin kwali ya tambaya ko an yi.

Bitamin A shi ne ya fi shafar maganar hunturu. Shi ke gyara fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro da hanji, wadda ita ce ganuwar farko da bairos zai tarar. A Jami'ar Wageningen ta Holan, a 1989, an nuna cewa kajin da ke da ƙarancin A sun fi jin jiki in Niyukasil ta kama su, kuma ita cutar tana ƙara rage A ɗin da ke cikin jini. Zawon jini da tsutsar ciki su ma suna ɓata hanji, har kaza ta kasa tsotse A ko da yana cikin abinci. Sai a dubi abin da kazar Kawo ke samu a watan Janairu. Ciyawa ta bushe, ƙwari sun ɓuya, gara ta yi ƙasa. Abin da ake watsa mata farar masara ce da farfara da dusa, waɗanda kusan babu abin da ke zama bitamin A a cikinsu. A daidai lokacin ne sanyi ke barin bairos ya daɗe da rai a kashin kaji da kwanduna, a daidai lokacin ne kuma fatake ke ɗebo kaji daga ƙauyuka saboda cinikin ƙarshen shekara. Kazar da ta gaji makamai masu kyau ma, da yunwa take shiga wannan yaƙi.

Gyaran wannan bai kai tsadar da ake zato ba. Jar masara ta fi fara a nan, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tare da ta Ibadan sun fitar da iri masu ruwan lemo waɗanda aka ƙara wa abin da ke zama bitamin A. Kaura, dawar nan mai rawayan ciki, tana da ɗan abin, ko da yake ba ta kai jar masara ba. Ganyen zogale da aka shanya a inuwa aka daka, ragowar alayyafo da latas da ganyen karas da masu lambu ke zubarwa a bakin kogin Kaduna da rani, ɗan manja a cakuɗa da dusa, duk suna yi. Tsala da garin kifi suna kawo B2, wanda hatsi ba shi da shi sosai. Wanda ke haɗa abinci da kansa kuma ya sani garin bitamin da ake sayarwa ba ya son zafi da daɗewa. Buhun da ya yi watanni a shagon kwano ya rage ƙarfi, ko da takardarsa ta ce yana da kome.

Wa ake bari ya yi iri?

Ga wani hali da ya zama ruwan dare, wanda kuma shi ne babbar ɓarna. In bukata ta taso, ko Salla ta zo, ko baƙo ya sauka, zakaran da ya fi girma da kyau shi ake kamawa, don shi ne mai kuɗi. Kazar da ta fi nauyi ita ake kai wa mai jego. Wanda ya saura a gida ya yi iri shi ne ƙanƙanen da ba mai saye. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to haka nan mai rarrafe ba ya haifar mai gudu. Aikin Hutt da Cole ke nan ake yi a gidaje, amma a juye.

Ma'aikacin ofis da ke kiwo a bayan gida a Unguwar Rimi ko Unguwar Sarki ya fi kowa sauƙin gyara wannan, tun da rubutu sana'arsa ce. Littafi ɗan ƙarami ya isa. A ɗaura wa kowace uwa zare mai launi a ƙafa. A rubuta ƙwai nawa ta kwanta a kai, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa suka kai wata biyu, nawa suka ƙetare hunturu. Bayan zubi biyu ko uku, uwar da za a riƙe ta fito da kanta. Daga 'ya'yanta za a ware 'yan matan da za su gaje ta tun kafin ranar kasuwa. Zakara kuwa a canja shi kowace shekara, a samo daga nesa, daga gidan da aka san kajinsu, kuma a tsare shi shi kaɗai mako biyu kafin ya shiga cikin kaji. Ba a sayen zakaran iri da hunturu. Agwagi ma a raba musu wurin kwana, gama sukan ɗauki bairos suna yawo da shi ba tare da sun nuna ciwo ba.

Masu son ƙwai da yawa sukan tambaya ko su bar na gida su koma ga ingantaccen iri. Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara. Shika Brown, wadda Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta yi shekaru tana zaɓe a cikin zafin ƙasar nan kafin a fitar da ita a 2000, tana yin sama da 200 in ta sami abinci. Akwai FUNAAB Alpha ta Abekuta, akwai Noiler. Daga 2015 zuwa 2019 an gwada su tare da kazar Fulani da waɗansu na waje a gidajen manoma a jihohin Kebbi da Nasarawa da Kwara da Imo da Ribas, aka ga irin da ya yi fice a wani wuri ba lalle ya yi a wani ba. Tun zamanin Turawa ma an yi ta raba zakarun Rhode Island Red a ƙauyuka a madadin na gida. 'Ya'yan sun fi girma, amma inda ba abinci ba rigakafi, ba su daɗe ba. Kazar da ke zuba ƙwai kusan kullum tana fitar da bitamin daga jikinta kullum, tilas a mayar mata. Ba kuma ɗaya daga cikin waɗannan iri da masu shi suka ce ba ya bukatar rigakafi. Mai shakka yana iya leƙawa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi da ke hanyar Mando ya yi tambaya.

Rigakafin Niyukasil kuwa a ƙasar nan ake yin sa. Ma'aikatar likitan dabbobi da aka kafa a Zariya a 1913, ta koma Vom a 1924, ita ce yanzu Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. Tana yin Lasota da Komarov, da kuma wani mai suna I-2, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, an zaɓe shi don ya fi jure zafi, saboda kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ne a ido, babba da ɗan tsako, a maimaita bayan kowane wata huɗu. Jure zafin nan ba ya nufin a bar shi a rana ko a aljihu kwana da kwanaki, a riƙe shi cikin sanyi gwargwadon hali, in an haɗa kuma a ƙarar da shi a ranar. Ƙwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka gara matan layi guda su haɗa kuɗi su sa rana, su kulle kajin tun da dare. Mai ba da Lasota a ruwan sha kada ya ɗebo daga famfo kai tsaye, maganin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe shi. Ya yi da ruwan rijiya mai tsabta, ya ɗauke wa kajin ruwa sa'a ɗaya ko biyu tukuna don su shanye da wuri.

Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu, kuma jiki yana bukatar wajen mako biyu kafin kariyar ta kankama. Kazar da ke ƙoshe, wadda aka fitar mata da tsutsa, ta fi karɓar rigakafin da kyau. Don haka ga mai kaji a Kaduna, zagayen da ya fi muhimmanci shi ne na watan Oktoba, ruwa na ɗaukewa, sa'an nan a sake a Fabrairu da Yuni. Zogalen hunturu ma a Oktoba ake shanya shi, tun ganye bai kaɗe ba.